Zauren Direbobi: Hita Ta Ƙi Zafi, Injin Za a Tambaya

Sanyin Disamba da Janairu ba baƙo ba ne gare mu a Hajj Abdalla. Mai boksi kan yi sammako ya nufi Wad Madani ko Sinnar, ya kunna hita, sai ta buso masa iska mai sanyi. Da yawanmu mukan ja mayafi mu ce ai wata biyu ne kawai. To, a yi hattara, domin hita ba ta da wutar kanta. Ruwan da ke sanyaya injin, shi ke ratsa wani ɗan ƙaramin lagireto a cikin mota ya ba ta zafi. In ta yi sanyi, sau da yawa injin ne ke kuka.

Da farko, tun injin na da sanyi, a buɗe murfin lagireto a duba ruwa. In ya ragu, hita ce kan fara rasa rabonta. A cika, a kuma nemo inda yake yoyo. Kada a kuskura a buɗe murfin injin na da zafi.

Sannan a bar injin ya ɗumama, a taɓa tiyo biyun da suka shiga wajen hita, hannu nesa da fanka. In duka biyun da zafi, laifin na wayar makunni ne ko ƙofar iska, gyaran kuwa mai sauƙi ne. In ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, akasari hita ta toshe. Nan ne namu laifin yake, don mun saba ɗibar ruwan tura'a mu ɗura, alhali ruwan Shuɗin Nilu cike yake da laka, musamman da damina. Lakar da ke raya gonakin Jazira ita ke toshe ƙananan bututun mota. Sai bakanike ya wanke, a koma ruwa mai tsabta haɗe da maganin tsatsa.

In tiyon biyu ɗumi-ɗumi ne, allurar zafi kuma ta ƙi tashi, to tamostat ya maƙale a buɗe, ko an cire shi saboda tsoron bazara. A mai da shi. Injin da ba ya ɗumama mai yake sha.

Amma in allura ta hau sama hita na busa sanyi, a tsaya nan take a kashe mota. Ruwa ya ƙare ke nan, ko famfo ya mutu, tafiya kaɗan gaskit ya ƙone. Kuɗin tiyo da na sauke injin kuwa ba ɗaya ba ne.

Allah Ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.