Rano da Kibiya: Ba ƙwaƙwalwa biyu ce ke kashe kwamfutocinmu ba

Duk wanda ya taɓa zuwa shagon kwamfuta a Rano ko Kibiya lokacin da sakamakon WAEC ko JAMB ya fito ya san yadda abin yake. Mai shago ya buɗe shafin intanet don duba sakamako, ga Word da takardar wani a buɗe, ga CorelDraw yana gyara fasfo, furinta na jira. Sai kwamfuta ta tsaya cak. Janareto kuwa bai tsaya ba, yana ta shan fetur, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin lallaɓawa. Yarinyar da ta biya kuɗin mota daga ƙauye ta zauna jira har la'asar.

Amsar da aka saba ji ita ce furosesar mai ƙwaƙwalwa biyu ce, ta tsufa, a sayi wata. Wannan bayani ya fi yi wa mai sayarwa daɗi fiye da mai saye.

A ɗauki shagon ɗinki. Ƙwaƙwalwa biyu teloli biyu ne. Ko kaya goma aka kawo, suna iya taɓa wannan su taɓa wancan cikin sauri har mai kallo ya zaci duka ake ɗinkawa lokaci guda, kuma haka furosesa ke yi, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. RAM shi ne teburin yanka. Faifan ajiya kuma shi ne sito a bayan gida. Idan tebur ya cika, dole a riƙa kai yadi sito ana ɗaukowa, teloli na zaune hannu sake. Kwamfuta mai RAM giga 4 da faifai mai juyawa, da zarar an buɗe shafuka da yawa a Chrome, abin da ke faruwa ke nan. Ƙara tela na uku ba zai faɗaɗa teburin ba.

Ana iya gani da ido. A danna Ctrl, Shift da Esc tare, a duba. Sau da yawa za a tarar faifai ya kai kashi 100, furosesa kuwa ko rabi ba ta kai ba. Faifai mai juyawa na karanta kimanin mega 100 a daƙiƙa, SSD na talakawa kuwa kusan 500, kuma wajen neman ƙananan fayiloli tazarar ta ninka haka. Sauya faifai zuwa SSD da ɗaga RAM zuwa giga 8 bai kai kuɗin sabuwar na'ura ba. Sai kuma ƙurar hunturu da zafin bazara: fanka ta toshe, furosesa ta yi zafi, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Busa ƙura kawai kan farfaɗo da wata.

Amma kada a wuce gona da iri. Ƙwaƙwalwa biyu iri-iri ce. Core 2 Duo ta fito tun 2006. Laftof da dama masu tambarin Core i5, har da i7, na ƙarni na bakwai zuwa ƙasa su ma ƙwaƙwalwa biyu gare su, abin da ba kowane ɗan kasuwa a Farm Centre ko titin Beirut zai tsaya ya yi wa mai saye bayani ba. Kuma mai haɗa bidiyon biki ba zai ji daɗin ko ɗaya cikinsu ba.

Ga wata matsalar ta daban. Microsoft ya daina tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel ƙarni na takwas zuwa sama. Ke nan yawancin na'urorin da ake shigar da lambar NIN da bayanan bankin ɗalibai a kansu za su ci gaba da aiki ba tare da sabuwar kariya ba, sai an yi rajistar ƙarin wa'adi ko an koma Linux.

Makarantar Fasahar Karkara ta Kano Poly tana nan cikin Rano. Ita ya kamata ta shirya gajeren horo ga masu shaguna kan sauya faifai, ƙara RAM da ɗora Linux Mint a tsofaffin na'urori. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da 'yan siyasar da ke raba wa makarantu kwamfuta, su riƙa rubuta ƙarnin furosesa, yawan RAM da irin faifai a takardar kwangila, sannan a kunna kowace na'ura a duba kafin a biya ɗan kwangila.