Alƙalaminka Zai Iya Fitar da Mutum Daga Hannun Hukuma



Bara an tsare wani masunci maƙwabcinmu kwana huɗu, saboda ɗansa ya ci bashin kuɗin koma ya gudu. Iyalinsa sai da suka sayar da akuya suka karɓo shi. Da akwai wanda ya san doka a unguwar, da takarda guda ta wadatar. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kamu kan bashi zalla. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotu tsakanin kilomita 40.

Irin wannan gurbin mataimakin lauya yake cikewa. Yana sauraren mai ƙorafi, ya tsara maganarsa a rubuce, ya adana takardun gona da shaidar ciniki, ya sasanta abin da zai sasantu, ya miƙa wa lauya abin da ya fi ƙarfinsa. A ƙauyukan Ngaski da Shanga da tsibiran tafkin Kainji, inda ganin lauya sai an yi tafiya, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kakannin wasunmu da aka tasa lokacin gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, sun san abin da takarda take yi wa ƙasar gado.

A ganina mu marubuta mun fi kowa dacewa da aikin. Mun saba sauraro, mun iya jera labari daga farko zuwa ƙarshe, muna jin Hausa da Turanci, wasunmu har da Gunganci ko Kambarci.

Sai dai iya rubutu bai isa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Dokar Agajin Shari'a ta 2011 ta ba Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa ikon ba da lasisi ga wanda ya yi kwas ɗin wannan aiki, don haka a nemi horo tukuna. Mataimaki ba lauya ba ne, ba ya tsaya wa kowa a kotu. Sirrin da aka faɗa masa amana ne, ba kayan ƙagaggen labari ba. A takardar ƙorafi kuma babu ƙarin gishiri, domin ƙarya ɗaya tana iya rusa gaskiya goma.

Wa zai fara neman horon a cikinmu nan Yawuri?

Allah Ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma.