A Bar Musu Ladan Guminsu

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Baure ko ta Babban Mutum ranar da take ci, ya san bayin Allahn da muke nufi. Su ne samarin nan da ke ɗebo wa masu abinci ruwa, su share rumfa, su kai buhun gero bakin mota, da 'yan matan da ke yi wa gidaje surfe da wanke-wanke. Ba su da ƙiwuya, sai dai fahimtarsu ba ta kai ta sa'o'insu ba. Wani da larurar galahanga aka haife shi, wani doguwar naƙuda ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, wani kuwa sanƙarau ne, irin annobar da ta ratsa Arewa a 1996. Jariran da ta taɓa a lokacin, yau suna maganar shekara 30.

Idan yamma ta yi, sai a biya kowa kuɗinsa cif, su kuwa a sallame su da ƙanzo ko ɗan canji, wai ai ba su san kuɗi ba. Ɗan abin da suka samu ma, kafin dare wani a gida ya karɓe. Makafi da guragu da kutare, kowa da sarkinsa da zai kai kuka gaban hakimi. Waɗannan ba su da mai magana da yawunsu, shi ya sa mutum zai shekara ashirin yana aiki, ko kaza ba shi da ita.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta dama ba. A Amurka, gwamnati na ba irin waɗannan mutane tallafin wata-wata, amma da zarar ajiyar mutum ta haura dala 2,000 sai a yanke masa, don haka iyaye suka riƙa hana 'ya'yansu aiki da tanadi. A 2014 aka yi dokar ABLE, wadda ta ba su damar tara har dala 100,000 a asusu na musamman ba tare da tallafin ya tsaya ba. A wurinmu ba wannan tallafin da za a yanke. Mu da hannunmu muke kashe musu gwiwa, domin wanda bai taɓa ganin amfanin guminsa ba, wata rana bara zai koma.

Doka kam muna da ita. A watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan masarauta ta Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Muna kira ga ƙaramar hukumar Baure, idan za ta ɗauki masu shara da masu ban ruwan itatuwa, ta tuna cewa masu larurar ƙwaƙwalwa suna cikin wannan kaso.

To amma ba sai mun jira gwamnati ba. Na farko, a biya su daidai da kowa. Na biyu, a riƙa cire wani abu daga ladan ana zuba musu adashe da sunansu. Idan ɗauka ta zo kansu a sayi akuya ko tunkiya, a nuna musu a ce wannan taka ce. Kuɗi a asusun ƙasa tsadar kaya na cinye su, kuma mun ga yadda masu ajiya a ɗaka suka sha wuya lokacin canjin kuɗi na 2023, ita kuwa akuya haihuwa take yi. Ƙungiyoyin mata da na matasa, na coci da na masallaci, suna iya ƙara musu gwiwa: wanda ya tara naira 5,000 a ɗora masa wani abu a kai. Wanda ya iya, a raka shi ya yi katin ɗan ƙasa, a buɗe masa ajiya a banki.

Wani zai ce mai riƙon amanar ma yana iya cinyewa. Gaskiya ne. Saboda haka a sa shaidu biyu da ba 'yan gidan ba, kamar mai unguwa da limami ko fasto, a rubuta komai a littafi, a riƙa dubawa bayan kowace kaka.

Mun sha jin iyayen waɗannan yara suna tambaya, idan na mutu wa zai riƙe min shi? Wanda aka bari da awaki biyar da sana'ar da ya saba, 'yan'uwa ba za su riƙa tura wa juna shi ba. Jama'a, mu fara daga ranar kasuwa mai zuwa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.