Sunan Yanka da Laƙabin Unguwa: Me Ya Sa Kwamfuta ke Amsa Sunan da Ba Nata Ba?

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Kazaure yakan iya wayar gari da abin mamaki. Ya buɗe kwamfutarsa, ya shiga baƙin allon nan da ake rubuta umarni, sai ya tarar sunan da ke farkon kowane layi ya sauya. Jiya da dare sunan da ya raɗa mata ne a wurin, yau kuwa sunan wata wayar Tecno ne ko Samsung wadda bai taɓa ko riƙewa ba. Abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne an yi masa kutse. Idan ya garzaya shagon gyara, maganin da aka fi saurin ba shi shi ne a share komai a ɗora sabon tsari. A nan aikin zangon karatu guda yakan salwanta, kuma da zarar ya koma kan waifai ɗin jiya, baƙon sunan ya dawo.

A mafi yawan lokuta babu ɓarawo, babu cuta. Abin da ya faru shi ne mai kwamfutar bai tabbatar mata da suna ba, sai hanyar sadarwar da ta hau ta laƙaba mata wanda ta ga dama. Maganin matsalar yana cikin amsa tambaya ɗaya kafin a taɓa komai: wa ke da ikon raɗa suna a nan?

Tambayar ta dace da wannan yanki. A Kazaure akwai Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Jihar Jigawa, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, sannan a Babura ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, matasan Roni da Gwiwa ma sai sun zauna gaban na'ura a ɗaki mai ɗaruruwan kwamfutoci. Duk inda na'urori suka taru haka, suna ya zama abin da aiki ya rataya a kansa.

Sunaye uku, na'ura ɗaya

Bahaushe ba baƙo ba ne ga mutum mai suna fiye da ɗaya. Akwai sunan yanka da aka raɗa ranar bakwai, akwai laƙabin da unguwa ta ba shi, akwai kuma sunan girmamawa da ake rubutawa a katin gayyata. Mafi yawan tsarukan Linux na yau haka suke. Suna na farko shi ne kafaffe, wanda ke ajiye a fayil ɗin /etc/hostname, shi ne sunan yanka. Na biyu na wucin gadi ne, wanda hanyar sadarwa kan bayar, shi ne laƙabi. Na uku na ado ne, domin idon mutum kawai. Ƙa'idar ita ce kafaffen suna ya rinjayi na wucin gadi. Amma idan ba a sa shi ba, ko an bar shi a localhost, wanda daidai yake da a ce wa jariri “yaro”, to laƙabi ne zai hau kujera.

Kwamfutocin Apple su ma sunaye uku gare su: ComputerName da LocalHostName da HostName. Na ukun yakan zo babu komai a cikinsa, kuma ba a ganin gurbinsa a inda mutane suka saba sauya suna. Shi ya sa mai MacBook zai rantse ya sa wa na'urarsa suna, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ba wanda allon umarni ke dubawa ya sa ba.

Akwai wani abu da ya shafi Hausa kai tsaye. Ƙa'idojin da aka shimfiɗa a 1985 aka kuma gyara a 1989 sun taƙaita sunan na'ura ga baƙaƙen Ingilishi da lambobi da karan ɗori. Babu gurbin ƙ ko ɗ ko ɓ, babu tazara. Wanda ke son “Ɗakin Karatu” sai ya ajiye shi a sunan ado, kafaffen kuwa ya zama dakin-karatu.

Daga ina baƙon suna yake zuwa?

A farkon zamanin intanet, sunayen dukkan kwamfutocin da ke haɗe suna cikin fayil guda, HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a jihar Kalifoniya ta Amurka. Da na'urori suka yi yawa, Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin DNS a 1983, wato kundin da ke haɗa suna da lambar adireshi. Bayan shekara goma, a 1993, aka fito da DHCP, tsarin da ke bai wa kowace na'ura aron adireshi na ɗan lokaci. Ralph Droms ne ya rubuta ƙa'idarsa, kuma bugun 1997 ne ake aiki da shi har yau.

Ta ƙofofi biyu baƙon suna ke shigowa. Ta farko, a cikin bayanan da DHCP ke miƙawa akwai gurbi mai lamba 12, wanda aka ware wa suna. Na'ura takan faɗi sunanta ta nan, rawuta ma takan iya miƙo mata wani ta nan. Ta biyu kuwa ta fi ɓoyuwa. Kwamfutar da ba ta da kafaffen suna takan tambayi kundin DNS: wane ne mai wannan adireshin da aka ara mini? Idan kundin bai goge sunan wanda ya riƙe adireshin jiya ba, shi zai faɗa mata, ita kuma ta amsa. Tamkar sabon ɗan haya ne da maƙwabta ke kira da sunan wanda ya tashi daga ɗakin.

Yanayin wutar lantarki yana ƙara wa abin gishiri. Ƙananan rawutoci da yawa sukan manta jerin wanda suka ara wa wane adireshi da zarar an ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta an sake rabon, adireshin wannan ya koma hannun wancan.

Yadda ake bin sawu

Matakin farko shi ne gwaji mafi sauƙi: a sauka daga waifai ɗin, a sake kunna na'urar, ko a hau intanet ɗin wata waya. Idan sunan ya sauya tare da sauyin hanyar sadarwa, an kama bakin zaren.

Na biyu, a tambayi na'urar kanta. A Linux, umarnin hostnamectl zai nuna kafaffen suna da na wucin gadi idan sun bambanta. A Mac, scutil --get HostName zai bayyana ko gurbin a buɗe yake. Umarnin nslookup tare da lambar adireshin zai nuna sunan da kundin ke riƙe da shi.

Na uku, a raɗa sunan yanka: hostnamectl set-hostname a Linux, scutil --set HostName a Mac, duka da izinin mai kula da na'ura. A kuma daidaita fayil ɗin /etc/hosts da sabon sunan, domin wasu manhajoji sukan yi jinkiri ko ƙorafi idan suka nemi sunan ba su same shi ba.

Idan bayan an sake kunnawa tsohon laƙabin ya dawo, to akwai wata manhaja da ke sake rubuta shi. A NetworkManager ana hana ta da hostname-mode=none. A systemd-networkd ana sa UseHostname=false. A sabobin Ubuntu da na haya a intanet, sau da yawa cloud-init ne mai wannan aiki, kuma preserve_hostname: true ke dakatar da shi. Duk wannan aikin 'yan mintoci ne, ba a rasa fayil ko ɗaya.

Windows ba ta karɓar suna daga rawuta, amma tana da nata ciwon. Idan aka kwafi tsari ɗaya aka zuba wa kwamfutoci hamsin ba tare da an sake musu suna ba, duk za su tashi da suna guda, su yi ta karo da juna. Tsohon tsarin sunayenta kuma ba ya wuce baƙi 15, don haka dogayen sunaye biyu masu farko iri ɗaya sukan zama ɗaya bayan an datse su.

Hujjar masu barin hanyar sadarwa ta raɗa suna

Mai kula da babban ɗakin kwamfuta zai ce wannan ɗabi'ar ba aibi ba ce, da gangan aka gina ta, kuma yana da gaskiya. Wanda ke da na'urori ɗari biyu ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta suna ba. Ya fi masa sauƙi ya ɗaure kowace da adireshinta da sunanta a wuri guda, ta yadda lambar da ke manne a kan teburi za ta dace da wadda saba ke gani. A irin wannan ɗaki, ɗalibin da ya sauya suna da kansa ɓarna ya yi.

Saboda haka kuskuren ba ya ga DHCP. Yana ga wurin da ba a yanke shawara ba, inda rabin na'urori ke amsa sunan yanka, rabi na amsa laƙabi, kuma babu wanda ya san wanne ne wanne. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Na'urar hukuma da ke zaune wuri guda, ofishin kula da sadarwa ya raɗa mata suna, ya rubuta a kundi. Na'urar mutum da ke yawo tsakanin aji da masauki da gida, mai ita ya kafa mata suna.

Abin da ke cikin haɗari

Rikicin suna ya wuce ɓacin rai. Firintar da aka raba wa ofis da sunan wata kwamfuta takan ɓace idan sunan ya sauya. Manhajar ajiyar kwafin fayiloli takan ɗauka sabuwar na'ura ce. Wasu lasisin manhaja da aka ɗaure da suna sukan daina aiki. Mafi nauyi shi ne rajistar abin da ya gudana a kan hanyar sadarwa. Idan aka tashi binciken wanda ya buɗe abin da bai kamata ba, aka dogara da sunan da kundi ya riƙe tun jiya, ana iya ɗora laifi a kan wanda ba ya ma cikin ginin. Bai kamata a hukunta ɗalibi ko ma'aikaci da shaidar suna kaɗai ba, sai an haɗa da lokacin aron adireshi da lambar katin sadarwar na'urar.

Zaɓen sunan ma yana buƙatar hankali. Tun 1990 Don Libes ya ba da shawarar kada mutum ya sa wa kwamfuta sunan kansa. A 2017 masu tsara ƙa'idojin intanet suka fitar da takarda mai lamba RFC 8117 suna gargaɗin cewa na'urori na shelanta sunayen masu su a duk hanyar sadarwar da suka hau. Ɗalibar da wayarta ke ɗauke da cikakken sunanta tana gabatar da kanta ga duk mai riƙe da rawutar da ta hau, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Makarantun da ke horar da masu gyara da masu kula da sadarwa a Kazaure da Babura za su yi wa yankin babban aiki idan suka sa wannan ɗan darasi a makon farko: kafin a share kwamfutar wani, a fara tambayar ta sunanta, a kuma tambaye ta wa ya raɗa mata.