Na'ura Za Ta Zaɓa Mana Ɗan Takara?

Ina so in ɗan yi magana a kan wani abu da ya ke yawo a wayoyin jama'a duk sa'ad da zaɓe ya gabato. Jerin tambayoyi ne a intanet. Mutum ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe na'ura ta gaya masa ɗan takarar da ra'ayinsu ya fi zuwa daidai. Waɗansunmu sun ɗauke shi wasa, waɗansu kuwa sun ɗauke shi kamar duba. Ni a ganina dukansu biyu sun yi kuskure, kuma tun da ya ke mu ne za mu tsaya gaban yara gobe muna koya musu zaman ƙasa, ya kamata mu san abin sosai.

Ba sabon abu ba ne. A ƙasar Holan aka fara shi cikin 1989, da sunan StemWijzer, kuma a takarda aka buga shi domin 'yan makaranta. Sai a 1998 ya hau intanet. Jamusawa suka kwaikwaya a 2002, suka kira nasu Wahl-O-Mat, wata hukumar gwamnati mai wayar da kan jama'a ita ke lura da shi. Suna kawo magana 38, misali a ce a ƙara haraji kaza, ko a hana abu kaza. Kowace jam'iyya ta ba da amsarta a rubuce: ta yarda, ba ta yarda ba, ko kuwa tana tsakani. Mai zaɓe shi ma ya amsa, har yana da ikon nuna maganganun da suka fi damunsa a ninka musu nauyi. A zaɓen Jamus na 2021 an yi amfani da shi fiye da sau miliyan 21.

To, ina dubar ta ke? Babu. Lissafi ne wanda ɗan aji shida zai iya. Kadan tambaya 30 ce, kai da Malam Wane kuka yi daidai a 24, sai a ce kun dace 80 cikin 100. Shi ke nan. Na'ura ba ta san halin Malam Wane ba. Ba ta san ko yana cika alkawari ba, ba ta san wanda ya ba shi kuɗin yaƙin zaɓe ba. Abin da aka zuba mata shi ta ke aunawa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne masu shiga irin na Amurka, kamar iSideWith, su fito suna cewa, "Ashe ni ɗan Dimokurat ne!" Haba ɗan'uwa. An tambaye ka batun riƙon bindiga a Amurka da inshorar asibitinsu, kai kuwa ƙuri'arka a Tudun Wada ko Nasarawa Gwong ta ke. Kowace kasuwa da mudunta. Ko tsakanin Turawa ma mudun bai zama ɗaya ba. A Ingila an kafa asibitin gwamnati na kyauta tun 1948, kuma jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta yi mulki shekaru da yawa ba ta rushe shi ba. A Amurka kuwa, da Shugaba Obama ya kawo dokar inshorar lafiya a 2010, sai da aka kai ta har Kotun Ƙoli. Watau abin da ɗan riƙau na Ingila ya ɗauka ba abin gardama ba ne, a Amurka shi ne tsakiyar faɗa. Kalmomin nan na "hagu" da "dama" da mu ke haddacewa domin jarrabawa ma'anarsu tana sākewa da zarar an ƙetare iyaka.

Har wa yau yadda a ke zaɓen ma ya bambanta. A Holan kujerun majalisa 150 ne, ana raba su ga jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu a ƙasa duka. A 2021 jam'iyyu 17 suka shiga majalisa. Wanda ke fuskantar jam'iyyu masu yawa haka, kowace da littafin manufarta mai kauri, lalle yana bukatar mai yi masa tankaɗe. Kuma jam'iyyun can suna da wuyar sauya baki, gama 'yan jarida na riƙe da abin da suka rubuta.

Mu fa? A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 'yan takara 18 ne, amma mu ɗauki manyan uku. Da an sa tambaya, "A janye tallafin man fetur?" da Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk "i" za su ce, domin dukansu sun faɗi haka lokacin yaƙin zaɓe. Ga magana wadda ta fi kowace taɓa tukunyar talaka, tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye shi kowa ya ji a jikinsa, amma ma'aunin ba zai raba su a kanta ba ko kaɗan. In kuwa aka ce a auna jam'iyyu maimakon mutane, sai abin ya ƙara rikicewa. Atiku ya yi mataimakin shugaban ƙasa a PDP, ya yi takara a AC a 2007, ya koma PDP, ya shiga APC a 2014, ya sāke komawa PDP a 2017. Obi ya yi gwamnan Anambara a APGA, ya tsaya mataimaki a PDP a 2019, ya tsaya a LP a 2023. Rabi'u Kwankwaso ya bi ta PDP da APC kafin NNPP. Wace manufa za a rubuta a gaban sunan jam'iyyar da mutane ke shiga su fita kamar tashar mota?

Mu duba nan gida. A Jihar Filato Obi ya sami ƙuri'a 466,272, Tinubu 307,195, Atiku 243,808, alhali gwamnan jihar na lokacin, Simon Lalong, shi ne babban daraktan yaƙin zaɓen Tinubu. Bayan mako uku, ran 18 ga Maris, mutanen nan dai suka zaɓi Caleb Mutfwang na PDP ya zama gwamna, LP kuwa ta zo ta uku can baya. Mutanen Filato ba su sāke ra'ayi cikin kwana ashirin da ɗaya ba. Mutum suka duba, da wanda ya ke tsaye kusa da shi, kuma kowa ya san batun 'yan takara biyu masu addini ɗaya ya yi nauyi a nan.

Sabo da haka waɗansu abokaina su kan ce a bar zancen nan, siyasarmu ta addini ce da ƙabila, ba ta ra'ayi ba. A nan ne na rabu da su.

Da fari dai, tarihi bai goyi bayansu ba. A nan Jos, cikin Disamba 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi taron da hanya ta rabu tsakanin masu bin sarakuna da samarin NEPU. Abin da ya raba su ra'ayi ne: ikon En'e, da kotunan alkalai, da matsayin talaka. Dukansu Hausa su ke ji, yawancinsu alƙibla ɗaya su ke fuskanta. Da a ce akwai irin wannan ma'auni a zaɓen 1959, aka tambaya, "A yanke wa mutanen Tsakiyar Nijeriya jiharsu dabam?" da UMBC ta su Joseph Tarka ta ce i, NPC ta ce a'a, kuma da kowane mai zaɓe a Pankshin ko Bukuru ya ga bambancin sarai. (Na ce "mai zaɓe", amma maza kaɗai ke nan, gama matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a wannan zaɓe ba.) Kakanninmu da ba su yi boko ba sun san abin da fartanya ta ke nufi da abin da tauraro ya ke nufi. Abin da ba ya kama ƙasa shi ne ra'ayin da aka ɗora daga sama, kamar yadda gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro SDP da NRC a 1989, ta rubuta musu manufa, ta ce ɗaya ta ɗan karkata hagu ɗaya ta ɗan karkata dama. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu, tsoron da ke sa mutum ya zaɓi nasa ba wauta ba ne, kuma ban yarda mu 'yan kwaleji mu riƙa yi masa kallon raini ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Jos a Satumba 2001, ko bayan zaɓen Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a Nuwamba 2008, ko a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Kirsimetin 2023, tambayarsa ɗaya ce: wa zai tsare ni da 'ya'yana? Amma ai wannan ma ana iya mai da ita tambayoyi masu amsa. A kafa 'yan sandan jiha? A hana kiwon sake, in kuwa an hana, a ba makiyaya fili ina? Yaron da aka haifa a Jos, aka haifi ubansa a Jos, a ba shi takardar zama ɗan ƙasa ta nan? Wa zai cike ramukan kuza da kamfanoni suka bari? Babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002 ta yi shekara ashirin tana kango, da kuɗin wa za a gina irinta, kuma yaya za a raba rumfuna? Ɗan takara ya fi son ya hau mumbari ya ce "ni naku ne" ya sauka. In aka miƙa masa takarda aka ce ya rubuta i ko a'a, ya sa hannu, an ɗaure shi da igiyar da ba ya so. Amfanin abin ke nan a wurina, ya fi lissafin 80 cikin 100 nesa.

Don haka irin na Jamus bai dace da mu ba. Wanda ya fi kusa shi ne na Suwizalan, mai suna smartvote, da aka fara a 2003, da irin wanda gidan rediyon ƙasar Finlan ya ke yi, inda kowane ɗan takara da kansa ya ke amsawa. Mutum ya sauya jam'iyya sau goma in ya so, amsarsa tana nan da sunansa.

Amma fa akwai rami a hanya, kuma mai zurfi ne. Wanda ya tsara tambaya ya riga ya yi rabin zaɓen. Malaman Jami'ar Antwerp ta Beljiyam sun nuna a 2009 cewa in aka sauya maganganun da aka zaɓo, jam'iyyar da za a ba mutum ita ma sai ta sauya. A Jamus ma a 2019 wata ƙaramar jam'iyya mai suna Volt ta kai ƙara, kotu a Kolon ta tsai da Wahl-O-Mat na 'yan kwanaki, domin jam'iyyu takwas kaɗai ya ke bari a gwada a lokaci ɗaya, ƙanana suna cutuwa. To, ku dubi namu. In na rubuta, "A ba baƙi haƙƙin 'yan ƙasa?" amsa ɗaya zan samu. In na rubuta, "A hana yaron da aka haifa a nan gurbin karatu?" wata amsa zan samu daga bakin mutum guda. Magana ɗaya ce, kalmar "baƙi" kaɗai ta isa ta tā da unguwa. Tambayar da Birom kaɗai suka tsara, ko Hausawa kaɗai, takardar yaƙin zaɓe ce da ta sa rigar malanta. Sai an zauna da Afizere da Anaguta da Birom, da Hausawa da Fulani, da Angas da Tarok da Mwaghavul, da Ibo da Yarabawan da suka tsufa a garin nan, Kirista da Musulmi, maza da mata, kowace jimla a karanta ta har kowa ya ce bai ji an zage shi ba. A Jamus matasa masu zaɓe ne ke tsara tambayoyin tare da masana. Ina kuwa aka tara irin waɗannan matasa a ɗaki ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya, in ba a kwaleji irin tamu ba?

Rami na biyu shi ne asiri. A 2018 aka gano cewa kamfanin Cambridge Analytica ya sami bayanan mutane har wajen miliyan 87 daga Facebook, ta hanyar wani jerin tambayoyi da ya yi kama da wasa. Jaridun Ingila kuma sun ba da labari cewa kamfanin ya taɓa sa hannu a zaɓen Nijeriya na 2015. An sa labule a rumfar zaɓe domin kada kowa ya san abin da ka dangwala. Kai kuma ka zauna a ɗakin kwana ka gaya wa wanda ba ka sani ba ra'ayinka a kan addini da ƙasa da kiwo, ka haɗa masa da lambar wayarka da sunan unguwarku. A gari irin Jos wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Duk ma'aunin da ya nemi suna ko lambar waya kafin ya ba da amsa, a rufe shi.

Ga shawarata ga ƙungiyar muhawara da malamanmu na ilmin zaman jama'a. Kafin zaɓe mai zuwa mu tsara tambaya 20, da Hausa da Turanci. Kada mu fara da shugaban ƙasa, ba zai amsa mana ba. Mu fara da masu neman majalisar jiha da shugabancin ƙaramar hukuma, waɗanda mu ke haɗuwa da su a wurin biki da jana'iza. A kai wa kowa takardarsa hannu da hannu, a ba shi mako biyu. Wanda ya amsa a buga amsarsa a wannan mujalla yadda ya rubuta, wanda ya ƙi a buga sunansa a bar gabansa fari. Ba sai da intanet ba, tun da Holan ma da takarda ta fara, kuma iyayenmu na ƙauye sun fi jin abin da aka karanta musu. A ajiye kofe a laburare, bayan shekara huɗu 'yan ajin da za su gaje mu su ɗauko su gwada da abin da aka aikata.

In mun fita koyarwa kuma, takardar nan darasi ce da kanta. Malami ba shi da ikon gaya wa yaro wanda gidansu za su zaɓa, kuma duk wanda ya yi haka ya ci amanar iyaye. Amma yana iya ba 'yan aji tambaya guda su rubuta ta iri biyu, su ga da idonsu yadda kalma ta ke jan amsa.

Idan an kafa kwamitin, tawa tambayar a shirye ta ke, ina roƙo a sa ta ta fari: "Kowane wata, a biya malaman firamare albashinsu kafin a biya masu riƙe da muƙaman siyasa. Ka yarda, ko ba ka yarda ba?"