Ra'ayi: Ƙarar ƙafar mota ba a maganinta da ƙure rediyo

A daminar da ta wuce wani maƙwabcina ya sayi jif 'yar Kwatano, Toyota Highlander, jikinta fes kamar ba a taɓa hawa ba. Bai yi wata guda da ita ba ta fara wani ƙara a gaba, ƙwal-ƙwal, duk lokacin da ya faɗa rami a hanyarsa daga Gwammaja zuwa Kurmi. Ya kai ta gareji. Tun bai gama bayani ba aka ce masa shokozoba ce. Ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo guda biyu, aka ɗaura, ƙara na nan. Aka ce to lowa am ce, ita ma aka canza. Sai a zuwa na uku wani dattijon bakanike ya hau motar, ya zagaya da ita, ya sa aka ɗaga ta, ya nuna masa ɗan sandan ƙarfen nan na sitabilaiza da ya yi sako-sako. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka riga aka kashe ba.

Wannan ne ya sa nake ganin lokaci ya yi da masu mota a Kano za su daina biyan kuɗin canki-canka. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsadar da ba za a riƙa gwaji da su ba.

Ƙarar ƙafar mota tana faɗar inda ciwon yake, in dai an saurara. Idan ƙananan ƙara ne a jere kan hanya mai gargada, kana tafiya a hankali, a fara duba sitabilaiza da robobinta, su ne kuma suka fi araha. Idan ƙara ɗaya ne mai nauyi da zarar ka taka birki ko ka ja mota daga tsaye, a duba bushin lowa am. Idan kana murza sitiyari mota na tsaye kake jin sa, a duba mazaunin shokozoba na sama. Idan kuwa ƙas-ƙas-ƙas ne lokacin da ka karya kwana gaba ɗaya kana ba ta wuta, wannan shaf ne. Ita shokozoba alamarta a fili take: tana yoyon mai, motar kuma tana ta lilo bayan ta wuce rami.

Gwajin ma ba ya buƙatar kwamfuta. A fara tabbatar da notocin taya a ɗaure suke. A ɗaga motar, a sa mata abin tokare mai ƙarfi, domin ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi wasa, bol joyin ne ko boris. A kama ta hagu da dama, in ta yi wasa, tayarod ne. A haska fitila a duba robar da ke rufe da su. In ta yage, giris ya zube, ƙurar hunturu da ruwan damina sun shiga sun cinye ƙarfen. Duka wannan bai wuce aikin rabin awa ba.

Wani zai ce ai a cikin gari ba a gudu, daga Mandawari zuwa Ƙofar Mata ina abin tsoro? To, bol joyin shi ke haɗa taya da ƙafar mota. Ranar da ya fice, taya za ta kwanta, sitiyari ya daina jin magana. Wanda ya daɗe yana tuƙi a ƙasar nan ya sha ganin mota a durƙushe a tsakiyar titi, taya ɗaya ta karkace. A titunan cikin Badala, inda yara 'yan Islamiyya da masu tura kura da Adaidaita Sahu ke goga kafaɗa da kai, ko a hankali kake tafiya ba ka da wurin kaucewa. Balle kuma motar da ke yawon cikin gari yau ita ce gobe za ta ɗauki iyali zuwa Zariya ko Katsina.

Ban ɗora wa makanikai laifin duka ba. Mu ma masu mota muna da namu. Mukan zo a gaggauce, mu ƙi biyan ladan dubawa, mu ce a ɗaure kawai mu tafi. Wanda ba a biya shi don ya bincika ba, dole ya nemi abincinsa a canza kaya. Mukan kuma zaɓi mafi arahar kaya a kasuwa, bayan wata biyu mu dawo muna ƙorafi.

Saboda haka, ka biya kuɗin dubawa daban. Ka ce wa bakanike ya hau motar tare da kai ya ji ƙaran da kunnensa, sannan ya nuna maka wasan da ƙarfen ke yi kafin ka tafi kasuwa. A ba ka tsohon kayan da aka cire. In an taɓa tayarod ko lowa am, a yi alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye gefe guda. Mai shirin sayen jif ta hannu kuwa, kada fenti da sanyin AC su ɗauke masa hankali. Ya sa a ɗaga ta a duba ƙafa kafin ya biya, musamman wadda ta fito daga yankunan Amurka da Kanada masu dusar ƙanƙara, inda gishirin da ake zubawa a titi ke sa ƙarfe tsatsa.

In ka ji ƙwal gobe da safe, ka rage rediyo, ka sauke gilas, ka saurara. In kunne ya ji, jiki ya tsira.