Laifin Mutum Biyu, Bulala Ga Mutum Ɗaya

A cikin watan Agusta na 2007 ne wani majigin batsa da aka ɗauka da wayar hannu ya bazu a Kano. Wadda ke ciki 'yar wasan Hausa ce mai tashe, sunanta kuwa ba sai an maimaita ba, an riga an tsinka shi isasshe. A Ikko aka ɗauka, ita da saurayinta, ba don sayarwa ba.

To, wa ya sha ukuba? Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kore ta. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, a hannun Malam Abubakar Rabo, ta tsayar da ɗaukar fim wata shida, masu ci daga sana'ar suka shiga uku. Har Adam Zango ya shiga kurkuku a shekarar, saboda kaset ɗinsa Bahaushiya.

Amma shi namijin, mazaunin Kudu ne, surutun da aka yi kansa bai kai rabin cokali ba. Masu tura majigin waya zuwa waya kuwa, ɗan Kano ne ko ɗan Gawu Babangida, kallo suka yi suka ƙoshi, sa'an nan suka fito suna tofin Allah tsine.